Hawainiyar ɗan yayata: yadda muka haɗa mata keji a Zariya har ta tsallake hunturu

Ɗan yayata ne, yaro ɗan aji biyar na sakandare, ya sayi hawainiya a hannun wasu yara da suka kamo ta a wani lambu ta wajen Shika, farkon Oktoba ruwa na shirin ɗaukewa. Yaran sun ɗaure ta da zare a kugu suna ja, shi kuma dama ya daɗe yana kallon bidiyoyin turawa masu kiwon irin waɗannan halittu a YouTube, kawai sai ya zazzage musu canjin aljihunsa ya sako ta a kwali ya taho gida. Tunda ni aka sani da tattabaru da zomaye a dangi toh duk abin da ya shafi dabba ni ake nema, shine ya kira ni wai Kawu dan Allah ka zo ka duba min, ta ƙi ci ta ƙi sha.

Ga yadda na same ta. Ya saka ta a tsohon tankin kifi na gilas, ya zuba yashi a ƙasa, ya ajiye dutse ɗaya da 'yar tasa da ruwa, ya yanka mata latas da tumatir, ya rufe saman da falanki ya ɗora tankin a bakin tagar ɗakinsu. Ita kuma tana ƙasa a kusurwa, jikin ya yi duhu kusan baƙi, idanun sun faɗa ciki kuma a rufe da rana tsaka, in ta motsa sai ta riƙa dafa gilas tana zamewa. Inda zaren ya ci ta a kugu akwai ɗan rauni. Niyyar yaron mai kyau ce amma wallahi babu abu ɗaya a tankin nan da yake daidai, ko ɗaya.

Shawarata ta farko ita ce a maida ta lambun, kuma har yau ina kan cewa wanda ya ga hawainiya lafiyayyiya a kan reshe ya bar ta a can shine alherin da zai yi mata. Sai dai wannan ko reshe ba ta iya riƙewa da kyau, in aka ajiye ta a haka shaho ne ko yaran nan za su sake ɗauka. Toh sai muka tsaya a kan za a yi jinyarta, kuma in zai riƙe ta sai ya yi abin yadda ya kamata.

Abin da na fara fahimtar da shi shine wadda ke hannunsa ba ita ce ta cikin bidiyon ba. Waɗanda turawa suka fi kiwo biyu ne, akwai mai dogon tulluwa a ka 'yar asalin Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, sai mai launuka ja da shuɗi ta Madagaska, tsibirin da kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya sama da 200 suke can. Kuma yawancinsu a keji aka ƙyanƙyashe su, sun buɗe ido sun ga mutum. Tamu kuwa ita ce masana ke kira Chamaeleo africanus, ta yankin Sahel, tun daga Mali har Sudan ta bi kogin Nilu zuwa Masar, har ma akwai 'yan kaɗan a kudancin Girka. Babba da jelarta tana iya wuce santimita 40. A daji ta girma, mutum a wajenta abin tsoro ne kawai. Mun duba bayan ƙafafunta na baya, namiji yana da ɗan tsiro a dunduniya kuma gindin jelarsa ya fi kauri, ita ba ta da ko ɗaya, kenan mace ce. Ku riƙe wannan don zai dawo a gaba.

Matsalar gilas uku ce a haɗe. Iska ba ta zagayawa, kuma hawainiya da ta daɗe a rufaffiyar iska mai ɗumi ciwon huhu ke kama ta, ka ga tana buɗe baki tana ɗaga kai da yauƙi a bakin. Sannan tana ganin hoton kanta a gilas ta ɗauka wata ce ta shigo mata, su kuma ba sa zama biyu, ko mata da miji sai lokacin barbara kowa ya kama gabansa. Na ukun kuma gilas yana tara zafin rana amma yana tare sinadarin hasken da take buƙata, wato ta gasu a banza.

Sai muka tafi wajen kafinta. Awon da masu kiwon suka fi amfani da shi ga babbar hawainiya shine santimita 60 faɗi, 60 zurfi, 120 tsayi, da yaren kafinta ƙafa biyu, biyu, huɗu. Tsayin shine magana, don dabbar sama ce, in ba ta fi ka tudu ba hankalinta ba ya kwanciya, shi yasa ma muka ɗora kejin a kan tebur yadda reshen sama ya wuce kan mutum in yana tsaye. Katako ne firam, aka zagaye shi da ragar taga irin ta sauro ta ko'ina har sama. Kafintan ya so ya sa wayar kejin kaji wai ta fi ƙarko, muka ce a'a, ramukanta manya ne ƙwari za su fice kuma tana yanka tafin ƙafa. Ya so ya shafa maganin gara ya yi fenti mai sheƙi, nan ma muka hana, ya dube mu ya ce ikon Allah yau ni ake koya wa aiki a kan hawainiya. Ƙasan kejin faranti ne na roba da aka huhhuda, bokiti a ƙarƙashi yana tarar ruwa, babu yashi babu ƙasa, don in ta harba harshe ta haɗa da yashi yana iya toshe mata hanji. Ƙafafun teburin kuma kowanne a cikin gwangwanin ruwa saboda cinnaka da kwarkwasa, dabarar da duk mai tattabaru ya sani.

Ciki muka jera rassan gwaiba da na mangwaro, wasu a kwance wasu a karkace, kaurin yatsa zuwa babban yatsa yadda ƙafarta za ta zagaye, don yatsunta a haɗe suke biyu gefe uku gefe, riƙo aka yi su dominsa ba tafiya a fili ba. Mun ɗaure da waya amma bakin wayar na waje. Sai tukunyar fulawa mai yaɗo mai faɗin ganye da masu lambun fulawa ke kira pothos, aka wanke ganyen sosai saboda su ma suna feshi, da wata tukunya mai rama da yaron ya tono a bayan gida. Hajiya kakarsa tana ganin haka ta ce toh madalla, ana ta cewa hawainiya ta kiyayi rama ku kun kawo mata har ɗaki. Ƙa'idar da na ba shi ita ce in ka zo gaban keji ka hango ta a kallon farko toh ganyen bai isa ba, ƙara. Tumfafiya kam ko kusa, ruwanta guba ne.

Yanzun ruwa, kuma a nan ne rayuwar dabbar nan ta rataya. Hawainiya ba ta shan ruwa a tasa. Za ta iya mutuwa da ƙishi tasa cike a gabanta, don ita abin da ta sani ruwa shine ɗigo mai ƙyalli a kan ganye, raɓar asuba ko yayyafi. Idon nan da ya faɗa ƙishi ne ba komai ba. Mun samo robar feshi irin ta masu aski, sabuwa ba wadda aka taɓa zuba wani abu ba, ana fesa ganyen da asuba da kuma bayan magariba, kuma ba fesawa biyu a tafi ba, sai an yi minti biyu zuwa uku ana yi don ba ta fara haɗiya sai ta ɗan jima tana ganin ruwan. Kada a seta ta a fuska, a ganye ake yi. Ranar farko da ta fara motsa baki tana lasar ganyen pothos yaron har da kabbara.

Amma feshi kaɗai ba ya isa a garin da ganye ke bushewa kafin ka ajiye robar. Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce layin ƙarin ruwa na asibiti, sabo daga kemis, aka cire allurar, aka huda murfin gorar ruwa aka saka, aka rataye gorar a saman keji. Ɗan abin murzawar nan da nas ke rage gudu da shi da shi muke saita ɗigon, kamar ɗaya a sakan, yana sauka kan ganye ya gangara faranti. Kuɗinsa bai kai na lemon kwalba biyu ba kuma ba ya neman wuta. Gorar dai a riƙa wanke ta kar ta yi gansakuka. Yadda za ka san ko tana sha ba sai ka tsare ta ba, ka duba kashinta, yana fita da baƙi da kuma wani fari a gefe irin na tsuntsu. In farin ya fito fari tas ko da ɗan rawaya kaɗan lafiya, in ya koma ruwan lemo ya ƙanƙance toh ruwa ya yi ƙaranci. Nata na farko ruwan lemo ne sosai, a hankali ya washe, idon ma ya ciko.

Maganar haske ita ce inda na fi jin haushin bidiyoyin, ba don ƙarya suke ba sai don matsalarsu suke warwarewa ba tamu ba. Mutumin da ke Ingila ko Kanada ba shi da rana, dole ya sayi doguwar fitila mai fitar da hasken UVB ya riƙa canza ta duk wata 6 zuwa 12, ya ƙara da ƙwan zafi. Yaron har ya fara lissafin yadda za a yi odar fitilar, na ce da wace wutar, ta NEPA? Hasken nan da shi fatarta ke haɗa bitamin D3, da shi kuma jiki ke ɗaukar kalshiyam, in babu sai ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace ta riƙa faɗowa daga reshe, kuma abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Mu Allah ya ba mu rana kyauta. Baranda mai kallon gabas muka kai kejin, rana na shiga ta raga tun fitowarta har wajen ƙarfe goma, daga nan inuwa. Sharaɗin shine ko yaushe rabin kejin na cikin inuwa don ita ta zaɓa da kanta. Wajen shan rana in ya kai digiri 29 zuwa 32 ya isa. Da safe za ka ga ta hau sama ta yi duhu ta baje haƙarƙari ta juya wa rana gefe, wannan duhun na shan ɗumi ne ba na ciwo ba, in ta ji ya ishe ta sai ta koma koriya ta shige ganye. In kuwa ta yi fari fat ta buɗe baki ta gangaro ƙasa toh zafi ya yi yawa. Dama rikiɗar ba wai kawai don ta saje da wuri ba ce kamar yadda muka taso muna ji, yawanci zafi da sanyi ne da tsoro da fushi, masu bincike a jami'ar Janiba ta Suwizalan sun nuna a 2015 cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli ne a fatar take matsewa ko ta ware su launin ya canza. Da dare kuma duhu take so, ba fitila.

Abinci sai mai rai mai motsi. Latas da tumatir ɗin nan zomayena suka ci. Lokacin da aka kawo ta fara na nan ko'ina, yaron na fita da yamma da gora ya kamo, ƙa'idar girma ita ce kada ƙwaron ya fi faɗin tsakanin idanunta, in farar babba ce a cire ƙafafun baya masu ƙaya. Farar tumfafiya mai ado an hana, haka duk wadda aka kamo a gonar da aka yi feshi. Kyankyason gida ma haka, ba don ba ta ci ba sai don babu gidan da ba a zuba musu magani. Kafin a ba ta, ƙwarin na kwana a gora da karas da ganyen zogale da ɗan kabewa, abin da ke cikinsu shi zai shiga cikinta, sannan a barbaɗa musu garin kalshiyam kaɗan. Mu ɓawon ƙwai muka dafa muka shanya aka daka ya yi laushi sosai. Tunda tana samun rana ba mu ƙara mata D3 na kanti ba, yawansa ma illa ne. Harshen nan da ke kai kusan ninki biyu na jikinta in ta harba, duk gidan sai da suka taru kallo, na ce su ja baya don ba ta ci in an tsaya mata a kai.

Abin da ba a faɗa a bidiyo ko ɗaya kuma shi ya fi saurin kashe ta a gidajenmu shine maganin sauro. Ɗakin da tankin yake kullum sai an fesa da daddare an kunna na hayaƙi, ga turaren wutar Yaya. Dabbar da ƙwari ne abincinta kuma a ganye take sha, ka fesa maganin ƙwari kusa da ita ai ka gama. Sai da na zauna da Yaya a kan wannan, ta ce yanzu saboda hawainiya sauro zai cinye mu, na ce a'a ku yi feshinku a ɗaki ku rufe ƙofa, baranda kawai za a bari. Hajiya kuma nata daban, ita a ganinta kayan bokaye ne tunda a busashe take ganinta wajen masu maganin gargajiya a kasuwa, kuma wai tana da dafi. Ba ta da dafi, in ta ciji mutum matsa ce kawai. Abin tsoro na gaskiya shine ƙwayar salmonela da dabbobi irin su ƙadangare da kunkuru ke ɗauke da ita a kashi, don haka duk wanda ya taɓa kejin sai sabulu, ƙananan yara kuma kallo kawai. Ɗaukarta a hannu ma na hana sai da dalili, ba mage ba ce, duk ɗauka tsoro ne a wajenta. An kai kashinta wajen likitan dabbobi ya duba ya ga tsutsar ciki, wanda dama kusan duk ta daji sai an samu, ya auna nauyinta ya ba da magani daidai da shi. Kada wani ya ɗauko maganin tsutsar akuya ya ƙiyasta da ido.

Tana murmurewa sai ga sabon abu. Ta yi ƙiba ta ƙasan ciki, ta daina ci, ta riƙa saukowa tana zagaye faranti tana tonon roba. Yaron ya kira a rikice wai ciwon ya dawo. Ƙwai ne. Da cikinta aka kamo ta, kuma ko ba namiji ma macen na iya yin ƙwai, in ba ta samu inda za ta tona ba sai ta riƙe su har su kashe ta, wannan na cikin abin da ya fi kashe matan a keji. Bokitin fenti babba muka wanke tas muka cika da yashi haɗe da ƙasa zurfin santimita 30, da danshi daidai yadda in ka tona rami da hannu ba zai rufta ba, aka saka a kejin da reshe mai sauka ciki, aka zagaye kejin da zani. Na ce kowa ya ɗauke ido, don in ta ga ana leƙe sai ta bar ramin. Ta tona ta shige har ba a ganinta, ta juyo ta zuba, ta maida ƙasa ta daddale ta hau sama a rame fata duk ta saki. Nan aka dage da ruwa da fara mai kalshiyam kullum har ta dawo. Ƙwan muka bar su a bokitin ba a juya ba, ana ɗan yayyafa ruwa a gefe, watanni suke ɗauka. Yaron har ya fara lissafin sayar wa turawa ta intanet, na ce ya sauka daga wannan motar. Duk dangin Chamaeleo suna rukuni na 2 na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai, wadda Najeriya ke ciki, ba a fitar da su sai da takardar izini, ga kuma dokarmu ta 1985 kan cinikin namun daji. Togo da Benin da Gana sun daɗe suna fitar da 'yar uwarta ta Senegal zuwa Turai da Amurka, kuma da yawa ba sa daɗewa a can saboda irin abin da ya faru a tankin nan. In ƙwan nan namu sun ƙyanƙyashe lambun da aka kamo uwarsu za su.

Hunturu ya zo da nasa. Sanyin dare bai dame ni ba don suna son dare ya yi sanyi, iskar ce da ƙura da bushewa. Mun rufe bayan kejin da gefen arewa maso gabas da tabarma, feshi ya koma sau uku da ruwa mai ɗan ɗumi, na safen kuma sai rana ta fito don kar a jiƙa ta cikin sanyi. Ranar da hazo ya rufe rana ba ta cika ci ba, ba abin damuwa ba ne. Ta yi saɓa a lokacin, wani ya maƙale a yatsu da bakin jela, ba a ɓare da hannu ba, ƙarin feshi ne ya sauke shi. Babban ciwon kan shine fara ta ɓace, ta kasuwa kuma soyayyiya ce da yaji. Dole yaron ya koma kiwon gyare a babban bokiti mai murfin raga, da kiret ɗin ƙwai na kwali su ɓuya, dusa da karas, da kofin yashi mai danshi inda suke zuba ƙwai, kukansu da dare kuma sai da aka yi shari'a da Yaya aka maida bokitin bayan kicin. Muna ƙarawa da tsutsar baƙin ƙudan nan da masu kiwon kifi da kaji ke haifarwa, tana da kalshiyam sosai. Yanzu da ta koma daidai ƙwaro uku zuwa biyar ne rana ɗaya a tsallake ɗaya.

Abin da ke gabanmu bazara ce, kuma ta fi hunturu haɗari, Maris da Afrilu zafi na kai digiri 40 a nan arewa kuma barandar siminti ce da rufin kwano. Shirin shine kejin zai koma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, ranar safe ta tsaya wajen ƙarfe tara, a rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, a ƙara gora ta biyu a layin ɗigo, a kuma ɗaure teburin da bishiyar saboda magen maƙota da ta fara zagaye. Feshin azahar ne ba mai yi tunda shi yana makaranta har ƙarfe biyu, ƙanwarsa ta ce za ta karɓa amma sai ya riƙa ba ta wayarsa da yamma, suna kan ciniki.